Wa Ya Kashe Murjanin Maharazu?

Ranar Juma'a da hantsi, Insifekta Barakatu na zaune a ofishinta a Malumfashi da fayil uku a gabanta: satar shanu a Dayi, rikicin iyakar gona, da wani direba da ya take akuya ya gudu. Zafin watan Maris ya cika ɗakin, fanka kuwa ta mutu tun jiya.

Sai ta ji ihu daga wajen kantar karɓar ƙara.

"A kulle ta! Na ce a kulle ta!"

Ta fito a fusace. Wani dogon magidanci ne, sanye da riga mai dogon hannu, ya ɓalle maɓallanta har wuyan hannu duk da zafin nan. Yana kaɗa wata ledar gishirin miya da babu komai a cikinta a fuskar kofur. Gefe guda wata budurwa ce tsaye, hijabinta jiƙe sharkaf, idanunta jajir, amma ba ta kuka. A bayanta wani dattijo ya sunkuyar da kai.

"Malam, nan ba kasuwa ba ce. Sauke murya. Wane ne kai?"

"Awaisu Maiwada, ranki ya daɗe. Manomi. Wannan yarinyar ta yi mana kisa a gida."

Barakatu ta matso kusa. "Wa ta kashe?"

"Murjani."

"'Yar wa?"

Kofur ya yi gyaran murya. "Yallaɓai, wai ba mutum ba ne. Wani abu ne a cikin tankin kifi."

Barakatu ta dubi kofur, ta dubi Awaisu. "Shanu goma sha ɗaya aka kore a Dayi shekaranjiya. Mai su na can ya kasa cin abinci. Kai kuma ka zo ka tayar min da ofis a kan abin wuya?"

"Ba abin wuya ba ne, Hajiya," in ji budurwar. Hausarta tsaf, irin ta 'yan gari. "Mai rai ne. Yana ci, yana girma. Shekara uku Maharazu yana rainonsa."

A hankali zance ya fito. Maharazu ƙanen Awaisu ne. Ya yi karatun halittun teku a Legas, ya dawo gida da wata ƙauna da ba wanda ya gane mata: ya kafa ɗan ƙaramin teku a cikin tankin gilas, a shagonsa da ke ƙofar gidansu. Mako biyu da suka wuce babur ya kayar da shi a hanyar Dayi, yana kwance a asibiti a Funtuwa da karaya a cinya. Kafin a tafi da shi ya damƙa makullin shagon a hannun wadda zai aura bayan Sallah, Morenike, 'yar Alhaji Olamide mai sayar da kayan gini.

"Gishirinsu na musamman ya ƙare, sai ta juye masa na miya," in ji Awaisu. "Ga ledar, a bayan tanki na tsince ta. Da gangan ne ma. Dama kishi take yi da abin."

"Ƙarya kake yi, Yaya Awaisu."

"Ni kike ƙaryatawa? To ji abin da mai abin ya ce!"

Ya danna wayarsa. Muryar wani saurayi ta fito, tana rawa don ɓacin rai: "Yaya, in da gaske Nike ta yi wannan, wallahi ban san ta ba. A bi min haƙƙina."

A nan ne hawayen da Morenike ke riƙewa suka zubo. Ba ta share ba.

Dattijon ya ɗago kai. "Ofisa, shekarata talatin da biyar a garin nan, ba a taɓa kiran sunana a caji ofis ba. In 'yata ce ta yi, gobe zan mayar musu da kayan aurensu, in kai ta Ogbomosho wurin ƙanwata. Ba za ta zauna ana nuna ta da baki ba."

Barakatu ta kalli yarinyar. Ta san garin nan. Kafin a taso daga masallaci, kowace majalisa za ta ji cewa an kai 'yar Alhaji Olamide wurin 'yan sanda. Shanu ana iya gano su. Suna in ya zube, ba ya kwasuwa.

"Kofur, sa ledar nan a ambulan ɗin takarda. Kawo mota."

Shagon Maharazu ɗaki ne ƙarami mai sanyi. A kan rufinsa faifan sola shida ne a jere, a ciki kuma batura da wayoyi. A jikin bango tankin yake, tsawonsa bai wuce hannu biyu ba, fitila shuɗiya na haska shi.

Wari ne ya fara tarbar su, irin na kifin da ya wuni a rana.

Ruwan ya yi hazo. A kan duwatsun da ke ciki akwai wasu abubuwa kamar rassan bishiya, kamar kunnuwa, kamar furen kabewa, duk sun yi fari fat, wani yauƙi na saɓulewa daga jikinsu. Dodon koɗi bakwai sun kife a kan yashi. Jatan lande biyu sun sandare.

"Jiya da safe wannan kore ne shar," in ji Morenike, tana nuna wani reshe. "Wancan kuma kamar lalle. In kika kashe fitilar ɗaki, sai ki rantse taurari ne suka faɗo cikin ruwa. A gaban tankin nan ya fara ce min yana sona."

Barakatu ta kawar da kai. Sai ta ga motsi. Wasu 'yan kifaye biyu masu launin ruwan lemo da fararen zane sun leƙo daga bayan dutse. Wani shuɗi ya bi bayansu.

"Kifayen ba su mutu ba."

"Ko ɗaya. Numfashi dai suke yi da sauri."

Barakatu ta naɗe hannun riga za ta ɗauko dodon koɗi ɗaya. Morenike ta cafke ta.

"Kada, Hajiya! Ba a sa hannu haka. Man da ke jikinki guba ne a wurinsu. Kuma kin ga wancan na tsakiya mai yatsu? Da yana raye, da ya harbe ki."

Ta juya wuyan hannunta. Wani tabo ne, ɗigo-ɗigo a jere kamar an ɗinka da allura.

"Bara ya yi min. Sati guda ina susa. Tun daga nan sai da safar roba."

"To gaya min aikinki a nan, daki-daki."

"Sau biyu nake zuwa, da safe da bayan la'asar. In ba su abinci kaɗan. In goge gilas. In duba zafin ruwa. Sannan in duba wannan." Ta nuna wani jan salatif da aka manna a gefen gilas. "Kullum ruwa na raguwa saboda zafi, sai in cike shi zuwa nan da tataccen ruwa zalla. Ba a ƙara gishiri, domin iska ruwa take sha, ba ta shan gishiri. Sai ran da za a canza ruwa ake haɗa sabo, shi ma sai ya kwana."

"Gishirin ya ƙare?"

Morenike ta buɗe wani farin bokiti. Ya fi rabi.

Ta ɗauko ma'aunin gishirin ruwa, wani abu kamar ɗan madubin hangen nesa, ta ɗiga masa ruwan tankin, ta miƙa wa Barakatu. "Duba ta haske. Ya kamata layin ya tsaya a talatin da biyar."

Barakatu ta kanne ido ɗaya. "Talatin da huɗu."

"Da an juye ledar nan a ciki, da ya haura arba'in."

Wato gishiri bai ƙaru ba, raguwa ma ya yi. Barakatu ta sake duba jan salatif ɗin. Ruwan bai yi ƙasa da shi ba. Ya ma haura shi da kaurin yatsa.

"Ke kika cika shi haka?"

"A'a. Jiya da la'asar haka na tarar, duk murjanin sun tsuke. Na zaci zafi ne, na sa musu gorar ƙanƙara, na haɗa sabon ruwa. Yau na zo da shi ke nan Yaya Awaisu ya shigo yana ihu, ya yi ƙwallo da bokitin."

"Me zai kashe waɗannan ya bar kifi?"

Morenike ta zaro ido. Ta zagaya bayan tankin, ta zaro wata auduga daga cikin matatar ruwa.

"Jiya da safe na sa ta, fara sol."

Yanzu shuɗiya ce, kamar an tsoma ta a bula.

"Maharazu ya sha gaya min, ko kwabo kada in bari ya faɗa ciki. Jan ƙarfe. Kifi na iya jure kaɗan, amma murjani da dodon koɗi ko ƙamshinsa ba sa so."

Barakatu ta sa audugar a leda. "Makulli nawa ne?"

"Biyu. Ɗaya na wurin Gwaggo."

Gwaggo Hajo ƙanwar marigayi Maiwada ce, mahaifin Awaisu da Maharazu, ita ta riƙe su tun rasuwar uwarsu. Barakatu ta same ta a tsakar gida tana tsince wake, ta durƙusa ta gaishe ta.

"Gwaggo, ina makullin shagon Maharazu?"

"Ya ɓata, 'yar nan. Tun damina."

"Jiya tsakanin hantsi da la'asar wa ya shiga shagon?"

"Wa zai shiga? Ita dai wannan 'yar Yarabawan ce ke sintiri, safe da yamma, kamar an ɗaura. Ni dama na faɗa, yaro ya dawo da ruwan aljanu cikin gida, me ake jira?"

Barakatu ta danne abin da ya taso mata. "Ko za ki sam min ruwa? Maƙoshina ya bushe."

Tsohuwar ta yunƙura. Da ta sunkuya kan randa, igiyar da ke wuyanta ta zubo waje. Makullai huɗu ne, uku tsofaffi baƙaƙe, ɗaya sabo mai ƙyalli.

"Ara min wannan."

"Na akwatina ne!"

Barakatu ta fita da shi, ta zura a kwaɗon shagon. Ya buɗe ƙwas.

Ta dawo ta tsaya a kan tsohuwar. "Gwaggo, kin haife ni, ba zan ɗaga miki murya ba. Amma yarinyar can gobe za a raba ta da garin da aka haife ta, saboda abin da ba ta yi ba. Wa kika ba?"

"Ban ba kowa ba. In na yi azahar ina rataye igiyar a ƙusa in kwanta. Abin da ya faru ina barci, Allah ne shaida."

"Amma kin san wanda ya san ƙusar."

Gwaggo ta ci gaba da tsintar wake. "'Ya'yan ɗan'uwana ne su biyun. In na tsone ido ɗaya, ɗayan ma ruwa zai yi."

Ana masallaci, titi ya yi tsit. Shagon Okwudili mai maganin gona ne kaɗai a buɗe a layin. Haifaffen Funtuwa ne, ya fi wasu Hausawan iya karin magana.

"Hajiya ofisa! Yau kuma gona za a fara?"

Ta ajiye ledar audugar a kan teburinsa. "Mene ne wannan?"

Ya ɗaga, ya shinshina. "Maganin feshin tumatir ne, shuɗin garin nan na ciwon ganye. Mai jan ƙarfe."

"Wa ya saya a makon nan?"

"Haba Hajiya, rabin fadamar Ƙarfi a wurina suke saye. In ce wa in bar wa?"

"Awaisu Maiwada."

"Awaisu? Rabona da shi tun kaka."

"Okwudili, ina da mota a waje, akwai wuri a bayanta. Ka fi son mu ƙarasa maganar a ofis?"

Ya sosa ƙeya. "Kin ga, mai ciniki ba ya son bakinsa ya yi tsawo. Bai sayi komai ba, wallahi. Bana ai ba shi da abin fesawa. Ran Laraba dai ya zo ya tsaya a nan, ya yi min wata tambaya."

"Wace?"

"Wai shuɗin garin nan yana kashe kifi? Na ce ka duba bayan leda mana, ga hoton kifi nan an ja masa layi. Na zaci tsoron kududdufin fadama yake yi. Har na yaba masa."

Gonar Awaisu na bakin wani rafi a hanyar Ƙarfi. Dama da hagu gonakin maƙwabta kore shar, injunan ban ruwa na ta ƙugi. Tasa kuwa kamar an bi ta da wuta. Tumatir ya bushe a tsaye, 'ya'yan sun yamutse tun ba su nuna ba. A tsakiyar gonar wasu ƙarafa ne a kafe, kamar gadon da aka ɗauke wa katifa.

Barakatu 'yar manomi ce, ta san irin wannan asara.

Awaisu na zaune a bukka, ya dawo daga masallaci, har yanzu da rigar nan mai dogon hannu.

"An kulle ta?" ya tambaya.

"Me ke kan ƙarafan can da?"

"Sola. Ta mahaifinmu. Ita ke ja mana ruwa."

"Ina take?"

Ya yi wata dariya marar daɗi. "Ai kin gan ta. Tana can tana yi wa duwatsu fifita."

Barakatu ta leƙa cikin bukkar. Famfon feshi na rataye, gizo-gizo ya yi saƙa a bakinsa. A ƙasa kuwa ga wata 'yar roba da gwangwanin madara, an ɗauraye su tas, ba ko ƙura. Ta ɗaga gwangwanin. A cikin lanƙwasar bakinsa, inda ruwa ba ya kaiwa, akwai siririn layi shuɗi.

"Yaushe rabonka da feshi?"

"Wata biyu."

"Gwangwanin wata biyu ke nan?"

"Yara ne ke wasa da shi."

Yana magana yana murza hannun damansa a jikin gwiwa, kamar mai son ya yi susa yana jin kunya.

"Me ya sami hannun?"

"Kiyashi."

"Tashi mu je gida. A gaban tankin za ka sa hannu a takardar ƙararka."

Da suka isa, Keke Napep na tsaye a ƙofar gida. Maharazu ya matsa wa likitoci sai da suka sallame shi. Yana zaune a kan kujera a gaban tankin, ƙafarsa cikin filasta, ya kafe fararen rassan da ido kamar mai zaman makoki. Morenike na tsaye a can bakin ƙofa kusa da mahaifinta. Ba ta dube shi ba. Gwaggo ta raɓe a jikin bango.

Barakatu ta jera kayanta a kan tebur: ledar gishiri, shuɗiyar auduga, makulli, gwangwani.

"Wannan ledar ƙarya ce," ta ce. "Gishirin tankin bai ƙaru ba. Maganin feshin tumatir aka zuba. Da Morenike ce, ta san jan ƙarfe, ta san matata, da ta cire audugar nan ta jefar. Wanda ya yi bai ma san akwai auduga ba."

Maharazu ya ɗago a firgice.

"Abin da ya ɗaure min kai shi ne ruwan da ya ƙaru. Mai mugunta ai barbaɗa gari zai yi ya gudu. Sai na tuna mahaifina. Manomi ba ya zuba magani a bushe, ko da a mafarki. Sai ya auna da gwangwani, ya dama a roba, ya juye, ya ɗauraye robar ya sake juyewa don kada a yi asara. Shi ne ruwan da ya haura salatif. In ya gama kuma, akwai abu ɗaya da hannunsa ke yi ba tare da ya sa shi ba."

Ta juya. "Malam Awaisu, naɗe hannun rigarka."

"Ba zan naɗe ba. Ni na kawo ƙara!"

"Kofur."

Kofur ya matso. Awaisu ya fizge, ya ɓalle maɓallin da kansa, ya ture rigar sama.

Daga wuyan hannu zuwa gwiwar hannu, jajayen ɗigo ne a jere, layi-layi, sun kumbura sun yi ruwa.

"Morenike, zo ki nuna naki."

Ta miƙo hannu. Ɗinki ɗaya ne, nata tsoho, nasa sabo.

"Ka zura hannu ka juya ruwan don magani ya gauraya, kamar yadda ka saba a duro," in ji Barakatu. "Mai yatsun can bai mutu ba sai da ya sa maka hannu a takarda."

Maharazu ya kafe hannun yayansa da ido.

"Yaya?" Muryar Maharazu ta karye. "Kai?"

"Ni ne!" Awaisu ya daka tsawa har kifayen suka ɓuya. "Ni ne, kuma ko yanzu aka mayar da jiya sai na sake! Da aka raba gado ka ce ba ka son gona, sola kake so. Na yi shiru. Da rani ya kama, fetur ya gagare ni, sau nawa na zo ɗakin nan? Sau uku! Ni, yayanka, na tsaya a nan kamar maroƙi, na ce ara min faifai huɗu zuwa tumatir ya nuna. Me ka ce min?"

Maharazu ya sunkuyar da kai.

"Faɗa musu mana! Ka ce in wuta ta ɗauke awa shida murjani zai mutu. Murjani! Ni kuma nawa 'ya'yan biyar duwatsu ne? Kullum in fito in ga fitila na ci a kan ruwan da ba a sha, gonar ubanmu na ƙonewa. Na ce bari ka ɗanɗana yadda ake tsayawa a kalli abin da aka raina yana mutuwa."

Gwaggo ta fashe da kuka. "Na ce maka ka bar wa Allah, Awaisu. Na ce maka."

"Na ga gonarka," in ji Barakatu, muryarta ƙasa-ƙasa. "Da ƙanenka ka zo ka shaƙe, da na ce fushi ne. Amma ka sayi gishiri, ka zubar, ka ajiye leda. Ka kira marar lafiya a gadon asibiti ka zuba masa ƙarya. Ka ja 'yar mutane zuwa caji ofis ranar Juma'a. Ita me ta yi maka? Ita ta cire solar?"

Awaisu ya kawar da kai. "Na ga baƙi ne. Na ce iyaka su kwashe ta su koma garinsu, magana ta mutu."

"Garinmu?" Morenike ta tako har gabansa. "A unguwar nan aka binne cibiyata, Yaya Awaisu. Makarantar allo ɗaya muka yi da matarka. Ran da Baba Maiwada ya rasu, mahaifina na cikin waɗanda suka ɗauki makara. Wane garin kake so in koma?"

Awaisu ya ja hannun rigarsa ya rufe ɗigon.

"Awaisu Maiwada," in ji Barakatu, "na kama ka da laifin ɓarna da gangan, da kawo wa hukuma ƙarar ƙarya. Kofur, sa masa ankwa. A hannun hagu ka fara, na daman ciwo ne."

Maharazu ya yunƙura da sanda. "Ranki ya daɗe, na yafe ɓarnar. Yayana ne."

"Taka ka yafe. Ƙazafin ba naka ba ne."

Ya juya ga Morenike. "Nike..."

"Kada ka Nike ni." Ta ciro makullin daga jakarta, ta ajiye a kan gwiwarsa. "Kwana goma sha huɗu ina zuwa ɗakin nan safe da yamma. Na hana kaina man shafawa, na hana kaina lalle, don kada in cutar maka da su. Waya ɗaya aka yi maka. Ko ka kira ni ka ce, Nike, me ya faru? Sai ka ce ba ka san ni ba."

"Raina ne ya ɓaci. Ki yafe min, don Allah."

"Shi ma ransa ne ya ɓaci."

Alhaji Olamide ya gyara hularsa. "Ofisa, na gode. Ba inda 'yata za ta. Maganar aure kuwa, bakinta ne, ba nawa ba."

Morenike ta kai bakin ƙofa, sai ta tsaya, ba ta waiwayo ba.

"Ɗan reshen da ka yanko min ranar sa rana yana nan a ƙaramin tankina. Koren. Bai kai kan yatsa ba, amma yana raye."

Maharazu ya ɗago, idonsa cike da hawaye.

"Kai ka koya min ba a yi wa murjani gaggawa. Ran da ya kai tsawon yatsa, ka zo ka same ni da shi, mu ga ko ka san ni. Kafin nan ka canza wa kifayen nan ruwa, su ba su yi wa kowa laifi ba."

Ta bi bayan mahaifinta.

Kofur ya fito da Awaisu. Maƙwabta sun cika ƙofar gida, Barakatu kuwa da gangan ta tsaya a tsakiyarsu, ta ɗaga murya yadda kowa zai ji: "'Yar Alhaji Olamide ba ta da laifin komai. Wanda ya kai waccan maganar majalisa, ya kai wannan ma."

Ana tura Awaisu cikin mota, Maharazu ya dogaro sanda har bakin zaure.

"Yaya! Gobe zan sa a sauke faifai huɗu a kai gona. Duka shidan ma!"

Awaisu ya dube shi ta tagar mota, ya ɗaga kai ya dubi faifan da ke ƙyalli a kan rufi.

"Kai wa wa?" ya ce. "Tumatirin ya riga murjaninka mutuwa."

Barakatu ta rufe ƙofa da ƙarfi. "Ja mu je, Kofur. Shanun Dayi na jiranmu."